Ɗan'uwan Likita da Gishirin Litiyam: Nazarin Ciwon da Ya Yi Shekara 25 Yana Dawowa

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan ƙasar Danmak ne, magidanci mai mata da 'ya'ya. Ba za a ambaci sunansa ba, domin ba shi ya kai maganar ciwonsa gaban jama'a ba. Abin da aka sani a kansa daga bakin ɗan'uwansa ya fito, wato Mogens Schou, likitan ƙwaƙwalwa wanda a 1971 ya zama farfesa a Jami'ar Aarhus, a fannin da ke binciken taɓin hankali ta hanyar sinadaran jiki da aikin ƙwaƙwalwa.

Ciwon ya fara masa yana da kimanin shekara 20. Ciwon damuwa ne mai tsanani, irin wanda ke kwantar da mutum ba zazzaɓi ba rauni: barci ya gagara, abinci ya fita a rai, tunani ya yi nauyi, ƙaramin aiki ya zama dutse. Nasa yana da lokaci. Da zarar sanyin hunturu ya fara janyewa sai ya taso, ya yi watanni yana hana shi aiki, sannan ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Shekara na zagayowa sai ya dawo. Haka aka yi ta yi har shekara 25.

Gidansu ba baƙon wannan ciwo ba ne ta fuskar ilimi. Mahaifinsu, Hans Jacob Schou, likitan ƙwaƙwalwa ne mai shugabantar asibiti, har ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje don neman abin da ke sauyawa a jikin masu irin wannan lalura. Mogens, wanda aka haifa a 1918 a Kopenhagen, ya gama karatun likita a 1944, ya ƙaro ilimin sinadaran jiki a Norwe da Amurka, sannan ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Risskov, kusa da Aarhus. Ilimi dai akwai shi a gidan. Abin da babu shi ne maganin da zai hana ciwon dawowa.

Abin da aka gwada da farko

Likitoci na rarrabe abu biyu a nan, kuma duk lamarin a kan wannan bambanci ya rataya. Akwai maganin da ke kwantar da ciwo bayan ya taso. Akwai kuma rigakafi, wanda ake sha kullum ko da lafiya lau, don kada ya taso.

Na farkon akwai shi. Tun 1938 likitoci biyu a birnin Rum suka ƙirƙiro jinya da wutar lantarki, inda ake sa wa marar lafiya ɗan lantarki a ka don ya yi gajeriyar jijjiga, kuma tana fitar da mutane da yawa daga damuwa mai tsanani. A 1957 aka samu imipramine, na farko a jerin magungunan damuwa irinsa. An yi wa wannan bawan Allah jinyar lantarki, an kuma ba shi magungunan damuwa. Babu wanda ya karya zagayen. Shekara ta gaba, a daidai lokacin, ciwon na nan tafe.

1949 zuwa 1954: gishirin da kowa ke gudu

Maganin da zai yi aiki daga baya ya riga ya bayyana tun 1949, amma don wata lalura dabam. A watan Satumba na shekarar, John Cade, likita a wani asibiti da ke wajen birnin Melbon na Ostireliya, ya buga rahoto a mujallar likitocin ƙasarsa. Ya lura cewa gishirin litiyam na sa ɓeran Masar ya yi laushi, sai ya gwada shi a jikinsa, sannan ya ba mutum 10 masu zumuɗin hauka, wato yanayin da mutum ke daina barci, ya yi ta surutu, ya yi ta kashe kuɗi, yana jin ya fi ƙarfin kowa. Duk sun natsu.

Rahoton ya zo a mummunan lokaci. A farkon 1949 ɗin, an janye wani gishirin litiyam daga kasuwa a Amurka, wanda ake ba masu ciwon zuciya a madadin gishirin miya, bayan ya kashe wasu. Shi kansa majinyacin Cade na farko gubar litiyam ce ta yi ajalinsa a 1950. Ga kuma matsalar kasuwa: litiyam ma'adini ne na ƙasa, na 3 a jadawalin sinadarai, irin wanda ake haƙo dutsensa yau a Nasarawa don yin batir. Ba kamfanin da zai iya mallakarsa, don haka ba kamfanin da ya damu ya tallata shi.

Abu ɗaya ya hana maganar mutuwa. A 1951 wasu masana biyu, Noack da Trautner, su ma a Melbon, suka ba mutum fiye da 100 maganin, suna auna yawansa a jini da na'ura, suka nuna ana iya sha lafiya idan ana awo. Erik Strömgren, shugaban asibitin Risskov, shi ya ga rahotannin Ostireliya ya miƙa wa Schou.

Schou bai tsaya ga ji ba. Tare da Strömgren da Juel-Nielsen da Voldby, ya shirya gwaji a kan mutum 38 masu zumuɗin hauka. A wani ɓangare na gwajin, kwabo ake jefawa don a zaɓi wanda zai sha litiyam da wanda zai sha ƙwaya holoƙo, mai kamar magani amma ba komai a cikinta, ana sauyawa duk mako biyu, kuma marar lafiya da mai duba shi duk ba su san wace ce a hannu ba. Wannan tsari, wanda za mu kira gwajin rufe ido, sabon abu ne a fannin a lokacin. Sakamakon da aka buga a 1954: mutum 14 sun samu sauƙi ƙarara, 18 akwai alamar sauƙi, 6 babu canji.

Duk wannan bai taɓa ɗan'uwan nasa ba. Shi ba ya zumuɗi, damuwa ce zalla, kuma a lokacin ana ganin litiyam maganin kwantar da mai zumuɗi ne kurum.

1959 zuwa 1964: likitoci biyu da ba su san juna ba

Wajen 1959 da 1960, likitoci biyu suka tuntuɓi Schou, kowanne daga nasa ɓangaren. Ɗaya Hartigan ne, a Kantabari ta Ingila. Ɗayan Poul Christian Baastrup ne, wanda ya yi aikinsa a asibitin Glostrup, kusa da Kopenhagen. Abin da suka gani iri ɗaya ne: mutanen da aka bari a kan litiyam bayan zumuɗinsu ya kwanta, ba zumuɗin kaɗai ya daina dawowa ba, har damuwar da ke biyo baya ta daina. Hartigan ya ƙara da wani abu: ya ba wasu 'yan kaɗan masu damuwa zalla mai dawowa, akasarinsu suka zauna lafiya.

Hanyar da Baastrup ya gano nasa ta cancanci a tsaya a kanta. Ya bi sawun tsofaffin majinyatansa ne, waɗanda ya ce su daina shan maganin bayan sun warke. Sai ya tarar wasunsu ba su daina ba, sun ci gaba da sha a gaban kansu, domin sun ga ciwon ya daina zuwa. Wato marasa lafiyar sun riga likitocin ganewa.

Mutanen biyu ba masu son rubutu ba ne, kuma adadin majinyatansu kaɗan ne. Schou ne ya matsa musu su buga. Na Hartigan ya fito a 1963, na Baastrup a 1964, a kan mutum 11 da aka bi har shekara uku. Kusan ba wanda ya kula.

Shekarun 1960: an fara ba shi

Wanda ya kula shi ne mai ɗan'uwa a kwance. A cikin shekarun 1960 aka ɗora mutumin a kan litiyam, yana sha kullum. Hunturu ya wuce, ciwo bai zo ba. Wata shekarar ma haka. Ya koma aikinsa, iyalinsa suka daina zaman jiran wata masifa mai kalanda. Schou ya faɗi wannan a bainar jama'a fiye da sau ɗaya, yana nuna yadda abin ya zame wa danginsu kamar mu'ujiza. Ɗaya daga cikin wuraren da ya faɗa shi ne wani taron likitoci a Jamus, kuma cikin masu sauraro akwai Michael Shepherd na cibiyar nazarin taɓin hankali da ke asibitin Maudsley a Landan.

1967 zuwa 1968: mata 88 da zargin son rai

Baastrup na da majinyata, Schou na da ɗakin gwaji da iya lissafi da alƙalami. Suka haɗa ƙarfi. A 1967 suka buga bincike a kan mata 88 na asibitin Glostrup, waɗanda aka bi tsawon shekara shida da rabi. An kwatanta kowace mace da kanta, kafin litiyam da bayansa. Kafin magani, ciwon na tasowa kusan duk wata 8. A kan magani, tazarar ta koma wata 60 zuwa 85. Lokacin da mace ke yi cikin ciwo a shekara ya sauko daga mako 13 zuwa ƙasa da mako 2.

A 1968 martani ya zo a mujallar likitoci ta Lancet, daga Barry Blackwell da Michael Shepherd. Kan rubutun nasu tambaya ce: shin rigakafin litiyam ba wata tatsuniyar magani ba ce kuma? Hujjojinsu uku ne masu nauyi.

Ta farko, kowa ya san abin da ake sha. Likitan da ya yi imani da magani shi ke yanke hukuncin ko ciwo ya dawo, marar lafiya kuma ta san likitanta na sa rai. Ta biyu, babu rukunin da aka ba ƙwaya holoƙo don a kwatanta. Ta uku ita ce mafi wuyar amsawa. An zaɓi matan ne saboda ciwon ya yi ta taso musu a kai a kai gab da fara maganin. Ciwo ne mai zuwa ya tafi, kuma wanda aka ɗauko a mafi munin lokacinsa, akwai yiwuwar abin da zai biyo baya ya fi sauƙi ko ba a ba shi komai ba. Kamar a tara manoman da suka yi asara biyu a jere ne, a raba musu sabon iri, sannan a ce irin ne ya gyara damina ta uku. Wataƙila shi ne. Wataƙila ruwa ne ya daidaita.

Bayan waɗannan akwai wata magana da ta fi zafi, wadda ta yi ta yawo a muhawarar: mutumin da ɗan'uwansa ya warke da magani ba zai iya yi wa maganin adalci ba. So hana ganin laifi. Warkewar da ta zama farin cikin gida sai ga ta ta zama makamin rusa binciken.

Masu sukar suka nemi a yi gwajin rufe ido. Schou da Baastrup suka ƙi da farko, kuma dalilinsu ba na wasa ba ne. Wannan ciwo yana kai mutane ga kashe kansu. Idan likita ya gamsu cewa magani na tsare majinyaciyarsa, da wane ido zai karɓe shi ya ba ta holoƙo don ya gamsar da wasu a Landan? Su kuma na Landan suna cewa gamsuwar tasa ita ce abin da ake tuhuma. Aka yi ta musayar wasiƙu masu zafi a mujallu, likitoci a ƙasashe da dama suka tsaya cirko-cirko, ba su san ko su rubuta maganin ba.

1970: amsa biyu

Amsa ta farko ta zo ta hanyar faɗaɗa haɗin gwiwa. Jules Angst na Zurik a Suwizalan ya daɗe yana nazarin yadda ciwon ke tafiya idan an bi mutum shekaru, kuma bayanansa sun nuna tazarar da ke tsakanin tasowa da tasowa takan ragu ne yayin da ciwon ke daɗewa, ba ƙaruwa take ba. Wannan ya taɓa hujja ta uku kai tsaye. Angst da Weis da Paul Grof na birnin Farag (Prague) da Baastrup da Schou suka haɗa bayanan mutum 244 daga ƙasashe uku, suka buga a 1970. Sakamakon ya yi daidai da na 1967. Amma har yanzu kowa ya san abin da ake sha, don haka hujja ta farko na nan daram.

Amsa ta biyu ita ce gwajin da suka ƙi yi da farko. Sai da suka samo tsarin da zuciyarsu za ta iya ɗauka. Aka ɗauki mata 84 da suka yi aƙalla shekara guda a kan litiyam: 50 masu ciwon hawa da sauka, wato zumuɗi da damuwa, 34 masu damuwa zalla mai dawowa. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu suka ci gaba da litiyam, wasu aka sauya musu da holoƙo, ba tare da su ko masu duba su sun sani ba. Sharuɗɗa biyu suka rage haɗarin. Duk wadda ciwonta ya taso, nan take a fitar da ita daga gwajin a mayar mata da maganinta. Sannan ana lissafi ana tafiya, ta yadda da zarar bambanci ya fito fili za a tsayar da komai, ba sai an cika wani wa'adi ba.

Wata biyar aka yi aka tsaya. Cikin 39 da suka sha holoƙo, 21 ciwonsu ya dawo. Cikin 45 da suka ci gaba da litiyam, ko ɗaya. A rukunin masu damuwa zalla, irin ciwon mutumin da muke nazari, 9 cikin 17 na holoƙo suka koma ciwo, babu ko ɗaya cikin 17 na litiyam. An buga a Lancet a 1970 da sunayen Baastrup, Poulsen, Schou, Thomsen da Amdisen.

1971 zuwa 1974: wasu hannaye

Abin da ya rage shi ne wasu da ba su da ɗan'uwa a lamarin su maimaita. A 1971 Alec Coppen da abokan aikinsa suka buga gwajin rufe ido daga cibiyoyi huɗu a Ingila, a kan mutum 65 da aka bi har kimanin shekara biyu, kuma litiyam ya yi wa holoƙo fintinkau. A 1973 wani babban gwaji na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, ƙarƙashin Prien, a kan mutum 205, ya nuna haka. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da litiyam don zumuɗin hauka a 1970, sannan don rigakafin ciwon hawa da sauka a 1974. Ba ta haɗa da masu damuwa zalla ba. A shekarar 1974 ɗin Cade da Schou suka raba lambar yabo ta Kittay.

Illolin maganin, da yadda aka bi su

Wannan ɓangare ba a cika ba da labarinsa ba, alhali shi ya sa mutum zai iya shan maganin shekaru da dama ya kwana lafiya. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke guba ƙanƙanuwa ce. Amdi Amdisen, abokin aikin Schou a Risskov, shi ya tsayar da ƙa'idar ɗibar jini awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe, don awon wannan asibiti ya yi daidai da na wancan. Yau galibi ana neman awon ya tsaya wajen 0.6 zuwa 0.8 na ma'aunin milimol a kowace lita. Ya haura 1.5, an shiga haɗari: rawar hannu mai tsanani, amai, gudawa, tangaɗi, harɗewar harshe.

Rukunin na Risskov da kansa ya riƙa tono laifin maganin da ake zarginsa da so. A 1968 suka ba da rahoton cewa yana iya kawo maƙoƙo, sun gani a mutum 12 cikin 330. Suka buɗe rajistar jariran da iyayensu mata suka sha litiyam da ciki, suka buga bayanan jarirai 118 a 1973. Fargabar farko game da nakasar zuciyar jarirai ta yi yawa ƙwarai, binciken baya ya nuna haɗarin gaskiya ne amma bai kai yadda aka zata ba. A 1977 wasu likitoci a Aarhus suka ga tabo a ƙodar wasu da suka daɗe suna sha, abin da ya tayar da hankali a ko'ina. Daga nan aka koma ba da adadi mafi ƙanƙanta da zai yi aiki, ana duba ƙoda da maƙogwaro a kai a kai. Schou ya kuma rubuta ɗan littafin jagora cikin sauƙin harshe don marasa lafiya da danginsu, aka fassara shi zuwa harsuna da dama.

1987 zuwa 2016: daga mutum biyu zuwa cibiyoyi 22

A 1987 aka ba Schou lambar Lasker, ɗaya daga manyan lambobin binciken likitanci a Amurka. Ya yi ritaya a 1988, kuma a shekarar ne shi da Grof, wanda ya koma Kanada, da Bruno Müller-Oerlinghausen na Balin suka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta nazarin masu shan litiyam, IGSLI. Dalilin kafa ta lissafi ne: tambaya irin ta mutuwa da kashe kai ba asibiti ɗaya da ke da yawan mutanen da zai amsa ta. A 1992 suka haɗa bayanan mutum 827 daga cibiyoyi huɗu, suka ga yawan mutuwa a cikin masu shan litiyam na dogon lokaci bai wuce na sauran jama'a ba, alhali an san masu wannan ciwo na mutuwa fiye da kima.

Sukar maganin kuma ba ta ƙare ba. Daga 1991 bincike ya nuna cewa yanke litiyam farat ɗaya na iya tayar da ciwon da wuri, musamman zumuɗi. Ma'ana, wasu daga cikin mata 21 na 1970 wataƙila yankewar ce ta kayar da su, don haka gwajin ya ƙara wa maganin girma fiye da haƙƙinsa. An sake gwadawa da wasu tsare-tsare. A 2010 wani gwaji mai suna BALANCE, a kan mutum 330, ya samu cewa cikin shekara biyu ciwon ya dawo wa kashi 59 cikin ɗari na masu litiyam, kashi 69 na masu shan wani magani da ake kira valproate, kashi 54 na masu haɗa biyun. A 2013 Cipriani da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 48 masu mutum 6,674, suka ga litiyam na rage kashe kai idan an kwatanta da holoƙo. A 2016 wata ƙungiyar, ConLiGen, ta binciki ƙwayoyin gado na mutum 2,563 daga cibiyoyi 22, tana neman dalilin da ya sa wasu ke warkewa sarai wasu kuma ba sa amsawa, ta samu wata alama a kan kuromosom na 21, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado.

Schou bai ga waɗannan na ƙarshe ba. Ya rasu ranar 29 ga Satumba 2005, kwanaki kaɗan bayan ya dawo daga taron IGSLI a ƙasar Folan. Ya bar rubuce-rubuce fiye da 500, kusan duk a kan gishiri ɗaya. Har ƙarshen rayuwarsa yana jan hankalin likitoci ga masu damuwa zalla mai dawowa, yana ganin a cikinsu akwai waɗanda litiyam zai tsare amma ba a ba su.

Inda lamarin mutumin ya tsaya

A bayanin da Schou ya yi bayan ɗan'uwan nasa ya haura shekara goma a kan maganin, ciwon bai sake tasowa ba ko sau ɗaya. Bai rabu da ƙwaya ba, domin litiyam danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi. Amma ta fuskar aiki da zaman iyali, lafiyayye ne. Lissafin a taƙaice: shekara 25 ana kwanciya duk shekara, sannan fiye da shekara goma ba kwanciya.

Hukunci

Me ya sa ya yi aiki a kansa? Ciwonsa na da siffar da bincike daga baya, musamman na Grof, ya nuna ta fi amsa litiyam: yana zuwa a rarrabe, ya tafi gaba ɗaya, mutum ya koma garau a tsakani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shan maganin ne ke samun irin wannan cikakkiyar amsa. Magungunan farko kuwa an yi su ne don kwantar da ciwon da ya riga ya taso, shi kuma matsalarsa dawowa ce. Yadda gishirin ke aiki a ƙwaƙwalwa har yau masana na kan bincike, an fi karkata ga tasirinsa a kan sinadarin inositol da wani sinadarin aiki mai suna GSK-3.

Game da rigimar, ra'ayina shi ne Blackwell da Shepherd sun yi daidai a kan hanya, sun yi kuskure a kan magani. Binciken 1967 bai isa hujja ba, kuma Schou da ya jefa kwabo a gwajin da aka buga a 1954 ya fi kowa sanin haka. Ba don matsinsu ba, da wataƙila ba a yi gwajin 1970 ba, da litiyam ya zauna a matsayin abin da wasu likitocin Danmak suka yi imani da shi. Amma shigo da ɗan'uwansa cikin maganar zalunci ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ga abin da ciwon ya yi wa gidansu shekara 25 yana da dalilin neman gaskiya fiye da kowa, domin idan maganin ƙarya ne jininsa ne zai fara cutuwa. Abin da ya dace a tuhuma shi ne tsarin bincike, an kuma tuhume shi, an gyara. Shaidar da ta fi gamsar da ni cewa so bai rufe masa ido ba ita ce rahoton maƙoƙo da rajistar jarirai: da hannunsa ya tono su.

Jinkirin da Schou ya yi kafin ya yarda da gwajin rufe ido ina fahimtarsa, ban kuma ce ba shi da farashi ba. Mata 21 sun koma ciwo don a samu amsar. A ɗaya gefen, duk shekarar da aka yi ana jayayya akwai dubban mutane a wasu ƙasashe da likitocinsu suka ƙi ba su maganin. Tsarin da suka samo, na fitar da mace da zarar ta fara ciwo da tsayar da gwaji da zarar amsa ta fito, shi ne mafi kyawun abin da aka yi a duk lamarin, ko da yake shi ma yana da raunin da aka gano bayan shekara 20.

Idan ana maganar tasirin Schou, ba shi ya gano litiyam ba, ba shi ya fara ganin rigakafinsa ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin da likitan asibiti ya gani da ido ya mayar da shi abin da za a iya ƙirgawa, ya matsa wa masu kunyar rubutu su rubuta, ya nemo mai bayanan da shi ba shi da su ko a Zurik yake ko a Farag. Aikin Amdisen na awa 12 ba ya jan lambar yabo, amma in babu shi da maganin ya ci gaba da kisa kamar a 1949.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mu. Litiyam na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙwayarsa ba ta da tsada. Abin da ke da wuya shi ne awon jini a kai a kai. A ƙasa mai zafi irin tamu, gumi da gudawa da azumi cikin bazara na rage ruwan jiki, ƙoda ta riƙe litiyam, awonsa ya hau. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ba takarda, su ma suna ɗaga shi, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Mutumin da muka yi nazari ya sha maganin shekaru lafiya ne a ƙasar da ake ɗibar jininsa a auna. Duk asibitin da zai ɗora mutum a kan litiyam a Kano ko Damagaram, sai ya fara tabbatar da ɗakin gwajin da zai auna masa jini, da ƙoda, da maƙogwaro, kafin a miƙa masa ƙwayar farko.